Likkafanin da Na Kai wa Tela

Abin da zan faɗa ya faru ne a shekarar da ta biyo bayan babban farin nan na biyu, ba na farko ba wanda ya kashe mana gyaɗa. Wanda nake nufi shi ne wanda ya zo tare da ciwon shanu, har Fulani suka riƙa wucewa ta bayan garinmu da sanda kaɗai a kafaɗa, babu abin korawa. Sojoji ba su daɗe da karɓar mulki ba, an rufe iyakoki, an canja kuɗi, mutum sai ya bi layi da bulala a kansa kafin ya sayi sabulu. A gidanmu kuwa 'yar autata tana rarrafe, rijiyar masallaci ta ƙafe karo na farko tun da aka haƙa ta. Ni ban yi boko ba, ban san lambar shekara ba, kuma ban taɓa jin na rasa wani abu ba. Jikata Safiya ce ke riƙe da biro, na kuma ja mata kunne: abin da na faɗa shi za ta rubuta, kada ta yi wa maganata kwalliya.

Kun taso kun ji ana ce mini Kulu Mai Almakashi. Ƙananan cikinku sun ɗauka don na iya yankan kaya ne. Manyan kuwa an raɗa musu cewa kakarsu ta sace likkafanin mijinta ta ɗinka wa ɗanta rigar wasa. Rabin maganar gaskiya ne. Ɗaya rabin na haɗiye shi shekara da shekaru, domin ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Yanzu wanda aka ɗaure mini baki dominsa ya kwanta dama, Allah ya ji ƙansa, saboda haka ku buɗe kunne.

Gidanmu gida ɗaya ne mai sassa biyu, a ƙauyenmu na arewa da Makoda, inda gona ke manne da gona, ba ka gane iyaka sai da layin gamba. Sashen gabas na Alhaji Babba ne, wan mijina, limamin unguwa. Sashen yamma namu ne. Gandu ɗaya muke noma, rumbunanmu a jere. Mijina, kakanku, wanda nake kira Malam, har ya yi furfura bai taɓa zama a tabarma ɗaya da wansa ba. Alhaji Babba ya je Makka tun zamanin da gyaɗa ke da daraja, kuma cikin tsarabarsa babu abin da ya fi ji da shi kamar farin ƙyalle naɗi biyu, wanda ya tsoma a ruwan Zamzam da hannunsa, ya shanya a ranar can, ya ɗauko. Ɗaya nasa, ɗaya na ƙaninsa. Ina bayan danga ranar da ya miƙa wa Malam, na ji ya ce:

"Ga rigarmu ta ƙarshe. Zani ɗaya ya goya mu, ƙyalle iri ɗaya za a naɗe mu."

Ni aka ba ajiyar na Malam, kuma ba don babu wani ba. A lokacin duk macen da ta rasu a unguwanni ukun nan ni ake aiko wa. Ni nake wanka, ni nake auna likkafani da kamun hannu, ni nake yankawa. Na gaji aikin daga kakata, ban taɓa karɓar ko goro a kansa ba, kuma ban taɓa fitar da sirrin jikin mamaciya ba. Mace in ta ga ciwo ya yi tsanani takan ce a tabbata Kulu ce za ta wanke ta. Wannan shi ne mutuncina a garin nan, kuma ina so ku riƙe shi a zuciya kafin ku ji sauran.

Sai ɗan farina. Sunansa na yanka bai taɓa fita daga bakina ba, haka aka raine mu. Ku kuna ce masa Baba, ɗalibansa suna ce masa Masta, ni Ɗanjuma nake ce masa in ya zama dole. Yana saurayi ya tafi Kano ya sami aiki a wata masaƙa. A can ne abokan aikinsa suka ja shi filin wasa, inda wani malami ke koyar da faɗan nan na ƙafa da ake kira takwando. Shekara biyar yana yi kowace yamma, mu ba mu sani ba. Da shekarar wahala ta kama, masaƙa ta rufe ƙofa, aka sallame su. Fararen kayan da yake sawa a wasan na ƙungiyar masaƙar ne, aka karɓe. Ya dawo gida da bazara da jaka ɗaya, ya tarar da mu tara a sashenmu muna cin dusa da ganyen tafasa, rumbu sai ƙamshin geron da ya taɓa zama a ciki.

Kullum bayan sallar asuba sai ya tafi gindin tsamiyar bayan gari, ya tuɓe takalmi, ya rusuna wa wanda babu shi, ya shiga haurin iska yana wani ihu gajere. Mutane suka sami abin dariya, abin da ya yi ƙaranci a shekarar. Mata a bakin rijiya sukan ce mini:

"Kulu, ɗan naki jaki ya cije shi ne a birni?"

Nakan ɗauke kai, domin uwa ba ta kare ɗan fari a bainar jama'a. Alhaji Babba kuwa sau ɗaya ya yi magana. Ya ce mai jin yunwa ba ya zubar da ƙarfinsa a kan iska, kuma ɗan gidan malamai ba ya tsalle-tsalle. Amma akwai mutum ɗaya da na lura kullum sai ya sami dalilin bi ta wajen tsamiyar nan da sanyin safiya, wai zai duba gona, gonar da babu ko tsinke a cikinta. Malam ne. Kaɗan daga cikinku suka san cewa kakanku ɗan kokawa ne a ƙuruciyarsa, bayansa bai taɓa ƙasa ba a duk karkarar nan. Rana ɗaya wansa ya ce ya bari, ya bari, bai sake ba. Ko labarin ba ya so a yi. Sai dai in an buga gangar kokawa a wani ƙauye, nakan ga babban yatsan ƙafarsa yana motsi.

Samari a lokacin ficewa suke yi. Kowace ranar kasuwa mota sai ta kwashi biyar ko shida zuwa kurmi, wasu har yau ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Ɗanjuma ma ya fara maganar bin mota. Ana cikin haka takarda ta zo daga malaminsa na Kano. Za a yi jarrabawar baƙar ɗamara da faɗuwar ruwan farko. A wasan nasu ɗamara ake ɗaurawa a ƙugu, launinta ke nuna matsayin mutum, baƙa ita ce ta malamai. Wanda ya ci kuma, akwai wata makarantar kwana wajen Shanono da ke neman mai koyar da yara, da albashi. Sharaɗi ɗaya ne: ba a shiga fili sai da fararen kaya, riga da wando. Ya koma Kano neman aro, ya tarar kowane mai kaya shi ma jarrabawar zai shiga. Ya zaga kasuwa, farin yadi ya yi ɓatan dabo, wanda ya rage an ɓoye shi ana jiran ya ƙara tsada. Yaron da ya shekara biyar yana saƙa yadi ya rasa kamu goma da zai rufe jikinsa. Ya dawo ya ce wa ubansa ranar kasuwa mai zuwa zai bi mota.

Washegari bayan azahar ina inuwar rumbu ina tankaɗen dusa, Malam ya zo ya tsuguna kusa da ni, abin da ba ya yi da rana.

"Kulu, ƙyallen nan na cikin akwati, zai fitar da riga da wando?"

Na ajiye rariya. Na ce, "Malam, ka san abin da bakinka ke faɗa?"

"Na sani. Mataccen da aka naɗe a tsumma, ƙasa ba ta mayar da shi. Rayayyen da ya je babu riga, daga bakin ƙofa za a mayar da shi."

"Alhaji fa?"

"In kaka ta yi kyau sai mu sayi wani fari mu mayar. Yaya ba zai kwance ya shinshina ba."

Ya ɗauki tsinke yana zane a ƙasa. Can ya ce:

"Ni an ce in bari, na bari. Ban ce an zalunce ni ba. Amma na ga yaron nan yana ɗaga ƙafa, Kulu. Ya fi ni. In ya hau motar nan ba za mu sake ganinsa ba."

Sannan ya nemi alkawari. Ya ce muddin wansa yana numfashi, kada ya ji cewa daga bakinsa maganar ta fito. Ya ce Yaya ba zai yi faɗa ba, shiru zai yi, kuma shirun Yaya ya fi masa wuta zafi. Shi ma yaron kada ya ji, domin in ya ji ba zai saka ba, kuma ba ya iya riƙe magana in baffansa ya kafe shi da ido. Na ɗauki alkawarin. Ba wanda ya matsa mini. Ina da hankalina, na fi kowa a garin nan sanin mene ne likkafani, kuma na ce to.

Ranar kasuwar Makoda na naɗe ƙyallen a cikin tsohon zani, na ɗora a ka kamar mai kai wanki. Ɗanjuma na ce masa ragowar kayan aurena ne, ya zana mini fasalin rigar da gawayi a bayan kwali. Na kai wa Isuhu Tela, wanda ke da rumfa a layin masu keke. Yana warware shi ƙamshin turaren Makka ya tashi. Ya dube ni, ya dubi ƙyallen, ya janye hannunsa.

"Yaya Kulu, wannan ai..."

"Riga da wando. Ga fasalin."

"Wallahi hannuna ba zai iya sa masa almakashi ba."

"Miƙo nan."

Ni na yi yankan farko, a kan teburinsa, da almakashinsa. Saboda haka sunan da aka laƙaba mini ban ce ƙarya ba ne. Ƙyallen ba shi da kauri, Isuhu ya ninka shi biyu don kada ya yage a wajen faɗa, ya bi wuyan da layin ɗinki bakwai. Abin da ya rage bai fi a naɗe jariri ba, kuma kafin wata ya ƙare jariri aka naɗe da shi, na maƙwabtanmu.

Ruwan farko ya sauka, Ɗanjuma ya tafi. Da ya zo sallama na juya baya ina hura wuta, na ce Allah ya kiyaye hanya. Bayan mako uku saƙo ya zo: ya ci, an ɗaura masa baƙar ɗamara, an ɗauke shi aiki. Malam yana gona aka faɗa masa. Waɗanda suke wurin sun ce ya jingina da fartanya, sannan ya ci gaba da noma. Ƙarshen wata na biyu mota ta sauke mana rabin buhun masara. Aka raba biyu, rabi aka kai sashen Alhaji. Masarar nan ita ta tsallakar da yaran gidan nan zuwa kaka, har da waɗanda daga baya suka riƙa kirana Mai Almakashi. Malam kwana tara ya ci tuwonta. A tsakiyar marka zazzaɓi da gudawa suka kama shi, jikin da ya shekara yana ba yara rabonsa bai iya tsayawa ba. Ranar Talata da hantsi ya cika. Gero ko kai bai fitar ba, balle a sayi wani fari a mayar.

Maza suka cika zaure. Aka ɗebo ruwan wanka. Alhaji Babba ya shigo da kansa ya tsaya a ƙofar ɗakina, idonsa ja, muryarsa a ƙasa.

"Kulu, miƙo ajiyar."

Mata sun fi ashirin a tsakar gida, kowa ya ji. Na ce, "Babu, Alhaji."

"Ɓarayi?"

"A'a. Na yanka."

"Kin yanka. Kin yi me da shi?"

"Yana jikin yaron nan."

Ya tambaye ni tambayar da nake jin ta har yau in na kwanta:

"Ƙanina ya sani?"

Ga Malam kwance a bayana, an rufe shi da zani, ba zai ƙaryata ni ba, ba zai gaskata ni ba. Kalma ɗaya ce za ta wanke ni. Amma kalmar za ta sa dattijon nan ya sallaci ƙaninsa yana sane da cewa ƙanin ya ɗauki kyautarsa ta Makka ya ba wasan da shi ya hana. Kuma alkawari ba ya mutuwa don wanda aka yi wa ya mutu. Na ce:

"Ni na sa kaina."

Bai zage ni ba. Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya juya ya shiga sashensa, ya fito rungume da nasa naɗin, ya miƙa wa masu wanka. Aka naɗe Malam a likkafanin wansa. Saboda haka duk wanda ya ce muku an binne kakanku a tsumma, ƙarya yake yi. A ƙyallen Zamzam aka binne shi. Wanda ya rasa shi ne Alhaji Babba, wanda ya san ba zai sake ganin Makka ba, kuma ya ba da nasa ba tare da ya tsaya tunani ba. Ku rubuta masa wannan.

Ɗanjuma bai sami jana'iza ba, sai ranar uku ya iso. A zaure aka faɗa masa, kuma ba da taushi ba. Ya shigo ɗakin da nake takaba da kayan a hannunsa, ya durƙusa nesa da ni, ya ajiye su a tsakaninmu.

"Inna, da gaske ne?"

"Da gaske ne."

"Wata biyu ina birgima a ƙasa da likkafanin ubana."

Ya ce zai haƙa rami ya binne su, ya bar aikin, ya bi mota. A rayuwata ban taɓa yi masa magana mai tsawo ba sai ranar. Na ce:

"An riga an yanka, binnewa ba za ta haɗe shi ba. In ka bari, an yanka a banza ke nan. Ƙyallen da aka tanada don tsayawa gaban Allah ne a jikinka. To sai ka san abin da za ka riƙa yi a cikinsa. Ɗauki ka tafi."

Ya ɗauka ya tafi. Amma daga ranar akwai wani abu a idonsa in ya dube ni. Yana yi mini biyayya, bai taɓa barina da yunwa ba, sai dai ya ɗauka uwarsa ta cuci ubansa dominsa, kuma nauyin a wuyansa yake. Wannan ya fi mini ciwo a kan duk abin da gari ya yi mini.

Garin kuwa bai yi da wasa ba. Na fita takaba, mace ta rasu a bayan gidanmu, na ɗauki ƙwaryata ina jiran aike. Ban ga kowa ba. Wata aka ɗauko daga wani ƙauye. Shekara goma sha ɗaya ba a kira ni wankan gawa ba. Suka ce hannun da ya ci amanar likkafani ba ya taɓa mamaci. Wasu suka ƙara da cewa rashin kunya ce ta kai ni, mace ta nuna son ɗan fari har haka. Alhaji Babba bai kore ni ba, bai rage wa 'ya'yana ko damin gero ɗaya ba, amma in zai yi mini magana sai ya aiko matarsa, ko ya faɗa wa bango. Ni kuwa ban sunkuyar da kai ba. Na ci gaba da gaishe shi kowace safiya daga bayan danga, ko ya amsa ko bai amsa ba.

Yanzu ku dubi abin da ƙyallen ya zama. Shekara ashirin da wani abu Ɗanjuma ya yi a makarantar nan, da ya ajiye aiki ya koma unguwar Bacirawa a Kano ya buɗe nasa fili a bayan gidansa. In an yi hutu kuma gindin tsamiyar nan yake tara yaran ƙauye, 'ya'yan waɗanda suka ce jaki ya cije shi. Sau ɗaya na taɓa zuwa kallo, na laɓe a bayan kuka. Na ga yaro sai ya yi wata uku yana koyon tsayuwa da gaisuwa kafin a bar shi ya ɗaga ƙafa. Na ga ba a sa fararen kaya da dauɗa, kowa da hannunsa yake wanke nasa, ko ɗan wane ne. Wanda ya daki wani a waje don fushi, a gaban kowa ake kwance masa ɗamara, ya koma layin baya. 'Yan mata ma ya koyar da su, a filin daban, da 'yarsa a gaba, ita ce wannan mai rubutun. Na ji yana ce wa yaran:

"Fararen kaya biyu ne a rayuwar mutum: wanda zai sa da kansa, da wanda za a sa masa. Ku kiyaye na farko saboda na biyu."

Su sun ɗauka hikimar malami ce. Ni na san inda ya samo ta. Shekarar wani zaɓe, wasu masu manyan riguna suka zo masa da mota, suna son ya ba su samarinsa talatin su riƙa raka su yawon siyasa. Suka ce za su gina masa ɗakin wasa mai rufin kwano. Ya ba su ruwa suka sha, ya raka su bakin mota. Har yau a fili yake koyarwa, in ruwa ya sauko a watse. Cikin ɗalibansa akwai waɗanda suka je ƙasashen waje suka dawo da lambobi, akwai malamai, akwai masu gadi, akwai manoma. Ban taɓa jin an ce an kama ɗaya da wuƙa ba. Kayan nan na farko kuwa ya daina sawa tun da suka fara sakin zare. Suna cikin akwatinsa, Safiya ta ce ba ya bari a taɓa.

Da ya sami hali, bai sayi mota ba, ni ya biya wa Makka. Mata suna ta sayen zobe da dardumai, ni farin ƙyalle na nema. Na tsoma shi a Zamzam da hannuna, na shanya, na tsaya a kansa har ya bushe. Da na dawo na shiga sashen gabas, karo na farko tun rasuwar Malam, na durƙusa na ajiye a gaban Alhaji Babba. Ya tsufa ƙwarai a lokacin. Ya shafa ƙyallen, ya kai hanci, ya daɗe. Sannan ya turo mini shi da ƙafar sandarsa. Na ɗauka ya ƙi ne. Sai ya yi mini magana, ni da kaina, ba bango ba:

"Hajiya Kulu, ajiye mini a wurinki."

Na rungumi ƙyallen. Ya ƙara da cewa:

"Amma ki ba wani ajiyar almakashin."

Ban san ko ya taɓa zargin gaskiyar ba. Bai tambaya ba, ban faɗa ba. Shekara tara ƙyallen yana akwatina, a gurbin wancan. Azumin da ya wuce ya rasu, aka zo ƙofar ɗakina aka ce in miƙo ajiyar, na miƙa shi cif, ko zare ɗaya bai fita ba.

Cikin waɗanda suka ga wannan shekara, kaɗan muka rage. Matan bakin rijiya duk sun tafi, da yawansu ni na wanke su, domin daga baya an dawo ana aiko mini, kuma ban ƙi ba. Saura Isuhu Tela, yana nan Makoda, idonsa ya tafi, jikansa ke kan keken. Saura 'yar autata da ke rarrafe a lokacin, ita ma ta aurar da 'ya. Saura ni. Sai kuma Ɗanjuma, mai furfura yanzu, gwiwarsa ta hagu ba ta lanƙwasuwa, amma har gobe da asuba yana tsaye a gaban yara. Ba zan iya faɗa masa baki da baki ba, ban saba ba, kuma tsufa ba ya cire kunya. Safiya, in kin gama ki kai masa takardar, ki fita ki ba shi wuri. Ina so ya sani ba sata ya saka ba. Ubansa ne ya ba shi, da bakinsa, a inuwar rumbu, kuma ya ce ya fi shi.